Dogon Bene a Jikin Gangare: Labarin Maginan Birnin Alje

Wanda ya shigo Alje, babban birnin Aljeriya, ta jirgin ruwa, abin da zai fara gani shi ne fararen gidaje sun hau bisa juna tun daga bakin teku har ƙwanƙolin tudu, kamar jeren ƙore a ɗakin amarya. Birnin ba shi da shimfiɗaɗɗen fili sai ɗan siririn da ke gaɓar Bahar Rum. Sauran duk hawa ne da gangara, da kwazazzabai waɗanda ruwan sama ya yanka tun zamanin da. Saboda haka duk mai niyyar gini a can, tun kafin ya sayi buhun siminti ɗaya, sai ya yi shawara da tudu.

Bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka yi ta kwararowa birnin, daga ƙauyuka da kuma ƙetaren teku, har masauki ya yi wuya ƙwarai. Filayen da suka rage cikin gari ƙanana ne, kuma galibinsu a jikin gangare suke, tsakanin tsofaffin gidaje da lambuna. Wanda bai da wurin faɗaɗawa kuwa sai ya miƙe sama. To, amma dogon bene bisa gangare ba ɗaya yake da dogon bene a kan fili ba. A yi lissafi a gani: fili mai tsawon mita 30, wanda ƙasarsa ke hawa mita ɗaya cikin kowaɗanne mita uku, kansa na sama ya ɗara na ƙasa da mita 10, wato hawa uku na bene ke nan. Ɗakin da ke kallon titi ta wannan gefe, ta wancan gefen yana cikin rami. Daga nan ne aikin mai zanen gini, wanda Faransawa ke kira arshitek, yake farawa. Ta ina za a shiga? Ina ruwa zai bi? Me zai riƙe ƙasar da aka yanka? Kuma wane ne cikin maƙwabta za a tare wa rana da iska?

Malaman farko

Tsofaffin maginan Alje sun riga kowa amsa waɗannan tambayoyi. Unguwar Kasba, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 1992, ta gangaro ne daga tsohuwar fadar sarauta, wajen mita 118 bisa teku, har zuwa bakin ruwa. Gidajenta masu hawa biyu ne ko uku, kowane da tsakar gidansa, kowane da shimfiɗaɗɗen rufi inda mata ke shanya da hira. Da yake kowane gida ya zauna ƙasa da na bayansa, ba wanda ya tare wa ɗan'uwansa ganin teku. Hanyoyin unguwar matakala ne, mota ba ta shiga, shi ya sa jakuna ne ke kwashe shara. Gidajen sun jingina da juna, kowane ya zama madogarar na kusa da shi. Wannan ƙarfi ne, kuma rauni ne, domin in ɗaya ya rushe ba a gyara ba, na maƙwabta sai su fara tsagewa.

A 1716 girgizar ƙasa ta rusa babban ɓangare na birnin. Masu binciken tsofaffin gine-gine sun tarar da itatuwa da magina suka shimfiɗa cikin bangaye da kan ginshiƙai, tamkar azara, don ginin ya ɗan motsa tare da ƙasa maimakon ya karye. Mutanen da ba su taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba sun gane cewa bangon da ya ƙi lanƙwasa ko kaɗan, shi ne ke fara faɗuwa.

A 1931 wani shahararren mai zanen gini, haifaffen Suwis mazaunin Faransa, mai suna Le Corbusier, ya zo Alje, Kasba kuwa ta burge shi. Daga lokacin har 1942 ya yi ta zana wa birnin tsare-tsare, ba a gina ko ɗaya ba. Mafi girmansu wata hanyar mota ce da za ta bi gaɓar teku can a sararin sama, gidajen dubban mutane a ƙarƙashinta. Mahukunta suka ƙi, kuma da wuya a ga laifinsu. Amma cikin takardunsa akwai wani ɗan zane na 1933 wanda ya fi manyan amfani: benen haya ne a kan ƙaramin fili, a jikin gangare. Ya ba da shawara cewa duk benen da za a gina a gefen titunan da ke kewaya tudu, a bar hawan da ke daidai da titi a buɗe, ba kome sai ginshiƙai, domin mai tafiya a ƙasa ya ci gaba da hangen teku ta cikin ginin. Ɗakuna su hau sama da titi, wasu kuma su gangara ƙasa da shi. A fuskokin da rana ke duka ya sa siraran katangu suna fitowa gaban tagogi kamar rumfa, su tare zafi su bar haske. Benen bai tashi ba, amma dabarun sun shiga kan almajiransa.

Benen Aero-Habita

Ɗaya daga cikin almajiran shi ne Louis Miquel, wanda aka haifa a Aljeriya a 1913, abokin marubucin nan Albert Camus. Shi da abokan aikinsa biyu, Pierre Bourlier da José Ferrer-Laloë, aka ba aikin gina gidaje a unguwar Telemli, saman tsakiyar gari, don ma'aikatan sha'anin jiragen sama, abin da ya sa ake kiran wurin Aero-Habita. An yi aikin tsakanin 1950 da 1955. Gine-gine huɗu ne, masu ɗauke da gidaje 284, kuma mafi tsawonsu ya haura hawa ashirin.

Shawarar farko da suka yanke ita ce ta fi kowace nauyi, ko da yake mai wucewa ba zai lura da ita ba. Abin da ya fi sauƙi ga magini shi ne ya shimfiɗa benensa a kwance, ya bi jikin tudu, yadda kowane ɗaki zai fuskanci teku kai tsaye. Mai sayarwa ma haka yake so. Amma bene mai hawa ashirin da aka shimfiɗa haka ya zama katanga: duk wanda ke bayansa ya yi ban kwana da teku da iskarta, ruwan da ke gangarowa kuma ya sami abin da zai tare shi. Sai Miquel da abokansa suka juya manyan benayen biyu, suka sa su suna gangarowa tare da tudu, siririn gefensu yana kallon teku kamar kaifin wuƙa. Ƙananan biyun ne kaɗai suka bi jikin tudu a kwance, su kuwa ba su da tsawon da za su cuci kowa. Da haka abin da aka tare wa maƙwabta na sama ya zama kaɗan, mazauna benen kuma suna hangen gaɓa ta gefe.

Wannan zaɓi yana da tsada. Benen da ya gangaro da tudu, ƙafarsa ɗaya tana can ƙasa, ɗayar tana can sama, harsashinsa sai an yi shi mataki-mataki. Amma daga wahalar nan suka fitar da riba. A hawa na goma na babban benen suka buɗe wata hanya mai shaguna, tamkar ƴar kasuwa a sararin sama. Na'urar hawa da sauka, wadda ake kira asansar, tana ɗauko mutum daga titin ƙasa, wanda yanzu ake kira titin Krim Belkasem, ta sauke shi a wannan hanya. Ashe a gangare benen kansa yana iya zama tsani tsakanin unguwar ƙasa da ta sama. Ba da nisa ba ma, a kan titin nan, akwai wani bene na 1952 da Pierre Marie ya zana, wanda ya cike bakin kwazazzabo: rufinsa shi ne gada, motoci na wucewa a bisa, mutane na barci a ƙarƙashi.

Yawancin gidajen babban benen masu hawa biyu ne a ciki, da ɗan matakalinsu. Hikimar abin ita ce ba sai an yi hanyar wucewa a kowane hawa ba, asansar ma ba sai ya tsaya ko'ina ba, wurin da aka tsimi ya koma cikin ɗakuna. Sun ɗauko dabarar ne daga babban benen da malaminsu ya gama a Marsai a 1952, mai gidaje 337. Sai dai a Marsai hanyar wucewa tana tsakiyar gini, ba ta ganin rana. A Alje suka fito da ita waje, ta zama doguwar baranda mai shan iska. A ƙasa mai zafi wannan gyara ba ƙarami ba ne, kuma a nan almajiri ya fi malaminsa gane ƙasar da ya taka.

Wani abu kuma da bai kamata a tsallake ba: zamanin mulkin mallaka ne. Irin waɗannan gidaje galibi Turawa ne suka fara shigarsu, alhali ƴan ƙasa na cunkushe a Kasba da unguwannin bukkokin kwano. Miquel kansa yana cikin waɗanda suka yi nazarin unguwar bukkoki ta Mahiyiddin, suka kai sakamakon wani taron masu zanen gini a Faransa a 1953. Ana cikin aikin benen yaƙin neman ƴanci ya ɓarke, ran 1 ga Nuwamba 1954. Bayan samun mulkin kai a 1962 yawancin Turawa suka tashi, iyalan Aljeriyawa suka gaji gidajen.

Abin da ido ba ya gani

Mai kallon bene sama yake duba, amma rabin aikin yana ƙarƙashin ƙasa. Tun kafin a ja layi ɗaya a takarda, ana haƙa ramuka sirara masu zurfi a kusurwoyin fili, a zaro ƙasa a duba: ina dutse yake, ina laka, ina ruwa ke kwance. A gangare sakamakon yakan bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gefen sama yana iya zama bisa dutse, gefen ƙasa kuwa bisa tarkacen da ruwa ya tara shekara da shekaru, ko cikon da mutanen da suka zuba. In aka ɗora bene haka nan, gefe ɗaya zai nutse ya bar ɗaya, ginin ya tsage. Maganin shi ne a kafa turaku na beto, wato siminti da tsakuwa da rairai da aka zuba bisa ƙarfe, su ratsa ƙasa mai taushi har su taka mai ƙarfi.

Sai kuma yankan tudu. Duk inda aka yanki gangare don a sami wurin zama, an cire wa ƙasar sama abin da take dogara da shi, tare da gidajen da ke bisanta. Dole a gina katangar da za ta riƙe ta, kuma a cikin tsohon gari ba a yankewa gaba ɗaya: a haƙa kaɗan, a tokare, a zuba beto, sannan a ci gaba. Babban abokin gabar wannan katanga ba ƙasa ba ce, ruwa ne. Ƙasar da ta sha ruwa nauyinta na ƙaruwa, ƙarfinta na raguwa, ruwan da ya taru a bayan katanga kuma yana tura ta ba dare ba rana. Don haka ake zuba tsakuwa a bayanta, a shimfiɗa bututu mai huda, a bar ƴan ramuka a jikinta don ruwa ya tsiyaye. Wanda ya ga irin ramukan nan ya toshe su don kwalliya, ya toshe wa katanga numfashi ke nan.

Birnin Honkon, can kudancin Sin, ya biya kuɗin wannan karatu da rayuka. Ran 18 ga Yuni 1972, bayan kwanaki ana tafka ruwa, tudun da ke saman titin Po Shan ya zaftaro. Akwai wani haƙa da ake yi don sabon gini a jikin gangaren, wanda bincike ya nuna ya taimaka wajen raunana ƙasa. Laka da duwatsu suka gangaro suka tumɓuke wani bene mai hawa 12, mutum 67 suka mutu. A 1977, bayan wata zaftarewar, gwamnati ta kafa ofishi na musamman mai duba ƙarfin gangare da tsarin duk wani haƙa da za a yi a jikinsa. A Alje ma, ran 10 ga Nuwamba 2001, ruwan da ya gangaro daga tuddai ya afka wa unguwar Babul Wad, mutane fiye da 700 suka halaka. Hanyar da ruwa ya saba bi ba ya manta ta, ko da an shimfiɗa kwalta a kai.

Girgizar ƙasa kuwa tana da wani tarko na musamman ga bene bisa gangare. Ginshiƙan gefen sama gajeru ne, na gefen ƙasa dogaye. Mai karatu zai zaci gajeren ya fi aminci, amma ba haka ba ne. Dogon yana lanƙwasa ya bi motsi, gajeren ya ƙi, sai yawancin ƙarfin girgizar ya taru a kansa ya karya shi, benen kuma ya murɗe. Injiniyoyi kan magance wannan ta hanyar ɗaure hawan ƙasa da bangayen beto su zama kamar akwati guda, ko su raba dogon gini gida-gida da ɗan rata a tsakani, kowane ɓangare ya motsa shi kaɗai.

In fili ya yi ƙanƙanta

Aero-Habita ya sami ɗan wurin miƙe ƙafa. Akwai filin da bai kai haka ba, inda bene zai tashi tsaye kamar hasumiya. A nan matsalar ita ce cibiya: matakala, da ramin asansar, da bututun ruwa da wayoyin lantarki. Waɗannan ba sa ƙanƙancewa don fili ya ƙanƙance. Matakalar da mutane za su tsere ta cikinta in gobara ta tashi tana da faɗinta, kuma tsanin motar ƴan kwana-kwana da aka saba gani bai wuce wajen mita 30 ba, na sama da nan sai matakala. Ruwan sha ma ba ya hawa da kansa: sai an tura shi da inji zuwa tanki a sama, sannan a rage masa ƙarfi a hanyar saukowa, in ba haka ba famfunan ƙasa su fashe. Kowane taku da cibiya ta ci, an rage shi ne daga ɗakin wani.

A birnin Bombai na Indiya, wanda aka mayar wa suna Mumbai a 1995, Charles Correa ya fuskanci irin wannan a kan tudun Kumbala. Benensa mai suna Kancanjanga, wanda aka fara zanawa a 1970 aka gama a 1983, faɗinsa mita 21 ne kowane gefe, tsawonsa wajen mita 84, gidaje 32 kacal a ciki. Aka fara zuba cibiyar ta beto ta tashi sama, ita ce kashin bayan ginin, sannan ɗakuna suka kewaye ta. Damuwarsa ita ce, gefen da iskar teku mai daɗi ke shigowa, ta nan ne ranar la'asar da ruwan damina mai ƙarfi ke dukan gini. Tsofaffin gidajen garin suna kare kansu da baranda kewaye. Sai ya yanki kusurwoyin benen ya mai da su manyan barandu masu tsawon hawa biyu, tamkar tsakar gida da aka rataye a sama. Ɗakunan kuma ba a daidai suke ba, wani ya ɗara wani da ƴan matakai, yadda iska ke ratsawa daga gefe zuwa gefe. Gaskiya gidajen masu hannu da shuni ne, talaka bai ga ta zama a ciki ba. Amma dabarar ba ta attajiri kaɗai ba ce.

Ko shigo da kayan aiki ma wani ciwon kai ne a tsohon gari. Titi siriri ne, kamiyo ba ya juyawa, babu inda za a jibge tsakuwa, kuma hannun injin ɗaga kaya yana shawagi bisa rufin maƙwabta. Sau da yawa faɗin titi ne ke yanke irin ginin da za a yi, ba son ran mai zane ba.

Bayan an miƙa mabuɗi

Mai zanen gini yana gama nasa ya tafi, benen kuwa sai ya shekara hamsin, ya shekara saba'in. Gidan ƙasa in ya lalace mai shi ne zai ji a jikinsa, kuma shi zai gyara. Dogon bene yana da abubuwan da na kowa ne: asansar, injin ruwa, rufi, magudana, fitilar matakala. Abin da yake na kowa kuwa shi ne ba na kowa ba, in dai ba a yi tsari ba. Tsohuwar da ke hawa na goma sha takwas, ranar da asansar ya tsaya, gidanta ya zama kurkuku. A Aljeriya wata doka ta 1981 ta ba mazauna gidajen gwamnati damar sayen waɗanda suke ciki. Mutane suka mallaki ɗakunansu, amma tara kuɗin gyaran kayan tarayya ya zama abin jayayya a benaye da dama. Shi ya sa masu zane na ƙwarai kan rage dogaro ga inji tun a takarda: ƙofa a ƙasa da ƙofa a sama inda gangare ya ba da dama, matakala mai samun hasken rana, baranda maimakon na'urar sanyaya ɗaki, bututu a inda ma'aikaci zai kai hannu ba sai ya fasa bango ba.

Ƙasar ma ba ta daina gwada aikin magina ba. A Satumba 1954, ana cikin ginin Aero-Habita, girgiza ta rusa garin Orleyanbil, Miquel kuma ya shiga cikin waɗanda suka yi aikin sake gina shi. Ran 10 ga Oktoba 1980 garin nan, wanda a lokacin ake kira Al-Asnam, yanzu kuma Shalaf, ya sake rushewa, abin da ya sa Aljeriya ta fitar da dokarta ta gini mai jure girgiza a 1981. Ran 21 ga Mayu 2003 wata ta auku a Bumardas, gabas da Alje, ta kashe mutane fiye da 2,200. A shekarar aka sake tsaurara dokar, aka sa Alje cikin yankin da haɗarinsa ya fi tsanani. Miquel bai ga wannan ba, ya rasu a Faransa a 1987. Benayensa huɗu na nan tsaye a Telemli, da mutane a ciki, ɗaliban zanen gini kuma na zuwa su hau hawa na goma su auna faɗin baranda.